Kasuwa Ta Riga Mu Ganin Wata

 Ina neman afuwa tun yanzu, domin maganar yau za ta taɓa wasu, kuma ni ne na farkon wanda za ta taɓa.

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a shago bayan Azahar, sai ga wani yaro ɗan kamfani ya sauko daga kan okada da doguwar takarda a naɗe. Ya gaishe ni da Yarabanci, ya ce ogansa ne ya aiko shi ya manna mini wannan a ƙofa. Da ya warware sai na ga hoton jinjirin wata da fitila da kofin shayi, an rubuta wai garaɓasar Ramadan, ka sayi katan kaza a ƙara maka kaza. Wata tsohuwa da ta zo sayen sukari ta tsaya tana kallon hoton, can ta juyo ta ce, "Malam, an ga wata ne ban ji ba?" Na ce, "A'a Iya, muna cikin Rajab fa, ko azuminku na tsofaffi ai ba ku gama ba." Muka yi dariya. Da ta tafi sai dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, don da safiyar nan na biyo ta Mokola, na ga kayan ƙyale-ƙyalen Kirsimeti ko sauke su ba a yi ba. Wancan biki bai naɗe tabarmarsa ba, an riga an shimfiɗa mana tamu.

Mu mazauna Kurmi mun riga 'yan uwanmu na gida ganin wannan abu, domin a kan idonmu ya faru da maƙwabtanmu. Ina saurayi a shekarun 1980, sai Disamba ta yi nisa sannan za ka san Kirsimeti ta matso: yara su fara fasa banga da dare, Dugbe da Gbagi su cika, farashin kaza ya motsa, shi ke nan. Yanzu tun daga Satumba rediyo ke ta ambaton watannin "emba", kafin Oktoba ta fita an fara rataya fitilu, Nuwamba kuwa gaba ɗayanta an ba da ita ga abin nan da suke kira Baƙar Juma'a. Sunan ma bai yi mini daɗi ba, amma bar wannan. Asalin abin daga Amurka yake, rana ɗaya ce tak, washegarin bikin godiyarsu da ke faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Da ya iso hannun manyan kantunan intanet na ƙasar nan sai rana ɗaya ta haifi makonni.

Akwai wani dattijo Bayarabe Kirista, tsohon malamin makaranta, da ke sayen shinkafa a wurina shekara da shekaru. Shi ya ce mini a cocinsu akwai Lahadi huɗu kafin Kirsimeti da aka ware don nutsuwa da shirin zuciya, kuma bikin kansa daga 25 ga Disamba yake farawa ya kai har 6 ga Janairu. Ya ce yanzu an juya abin: lokacin nutsuwar ya zama na sayayya, ranar bikin kuma kowa ya gaji, aljihu ya huje. Na tausaya masa a lokacin, ina ganin matsalarsu ce su kaɗai. Ashe gemun ɗan uwana ne ya kama da wuta ban shafa wa nawa ruwa ba.

To ku dubi namu yanzu. Tela yana rufe karɓar ɗinkin Ƙaramar Salla tun Sha'aban bai raba ba. Masu shadda da leshi suna ta turo hotuna a waya cewa sabon yayi ya sauka, wanda bai kama yanzu ba sai dai ya ga ana yi. Abin da muka sani da, saurayi ya kai gidan surukai gero da sukari da ɗan goro idan azumi ya kama. Yau an ce sai kwandon Ramadan, da madara da turare da abaya har da waya, kuma sai an ɗauki hotonsa duniya ta gani. Masu jigilar Umra tun Rajab suke bin mutane da biya kaɗan-kaɗan. Maulidi ma an fitar masa da anko, wanda a nan muka koya wurin maƙwabta. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar rago.

Da, sai saura kwana huɗu ko biyar Babbar Salla fatake ke sauke raguna. Mai hali ya je kara ya zaɓo, a ɗaure a ƙofar gida kwana biyu, yara su ba shi harawa su yi murna, jajibere a wanke shi. Wanda Allah bai hore wa ba, kunyarsa a gaban 'ya'yansa ta kwana uku ce, kafin ya ankara maƙwabta sun aiko da nama, an wuce wurin. Yanzu fa? Ana gama Ƙaramar Salla da 'yan makonni za ka ga an kafa turaku a bakin titi. Wani Alhajin zai ɗaure balami ko uda a ƙofarsa wata guda cur kafin Salla, a sa masa igiya mai launi, kullum da yamma yara su taru suna kallo. Ɗan maƙwabcinsa da ke wucewa makarantar allo ta wannan ƙofa safe da yamma, me kuke tsammani yake faɗa wa ubansa idan ya koma gida? Kunyar kwana uku ta zama ta mako biyar. Mutum yana iya daure tambayar ɗansa sau uku, amma sau talatin sai mai ƙarfin zuciya.

Ba da ka nake wannan magana ba. A 2025, bayan Sallar da aka yi ranar 6 ga Yuni, saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, da hoton wani bawan Allah da ke salla a bayana, mai gadi ne a wata unguwa, an rubuta wai ɓarawo ne ya gudu da kuɗin mutane. Na kira shi bayan Asuba muka zauna a gefen masallaci. Mutumin nan da furfurarsa ya sunkuyar da kai yana hawaye. Ashe irin bashin nan na cikin waya ya ci ya sayi ɗan rago, saboda ƙaramin ɗansa ya daina fita wasa. Kafin wata ya zagayo kuɗin ruwa ya hau, da ya kasa biya suka bi duk lambobin da ke wayarsa suna tozarta shi, har surukinsa na gida sai da saƙon ya kai gare shi. Masu irin wannan bashi ba ɓoyayyu ba ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta taɓa kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko a 2022, amma har yau suna nan cikin wayoyin yaranmu. Mun haɗa abin da ya sawwaƙa aka rufe bashin. Naman kuwa tuni an cinye, sai riba da zubar mutunci suka rage masa. Na tambaye shi, "Wane malami ya ce maka layya ta hau kanka?" Ya ce, "Babu, Malam. Amma babu wanda ya ce mini ba ta hau ba."

Wannan amsa tasa ta hana ni barci, don mu take nufi, mu masu tsayawa gaban sahu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ko Iziyya ya san layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da iko, wanda fitar da kuɗinta ba zai taɓa abin da yake bukata na lalura a shekararsa ba. Albashi mafi ƙanƙanta da gwamnati ta sa hannu a kai a 2024 naira dubu 70 ne, rago matsakaici kuwa a karar da na je bara sai ya cinye irin wannan albashi na wata uku ko fiye. Mai irin wannan samu, da haya a kansa da kuɗin makaranta, ina layya ta same shi? Amma yaushe muke faɗin haka? Sai ranar Idi a cikin huɗuba, bayan an riga an ci bashin, ragon yana ɗaure yana jiran wuƙa. Kasuwa ta fara nata wa'azin mako shida kafin Salla, mu kuma muna fara namu saura minti talatin a yanka.

Kuma ko ta fuskar lissafin kasuwa, sayen wuri ba kullum yake zama dabara ba. Ragon Arewa ka kawo shi Badun a cikin damina, don yanzu Babbar Salla a damina take faɗowa, ga sanyin ƙasa ga ruwa kullum, sai mura ko zawo. Harawa da ƙowa da dusa duk da kuɗi ake sayensu, kuma masu sayarwa sun san ba ka da zaɓi. Ga ɓarayi. Na san wanda ragonsa ya rame har ya shiga shakkar ko ya isa layya, tunda ramammen da ba mai a jikinsa da mara lafiya da gurgu da mai ido ɗaya duk ba sa isarwa. Sannan mutane sun manta cewa kwanakin yanka uku ne, ranar Salla da biyu bayanta, da rana. Sau da yawa washegarin Salla, lokacin da fatake ke son su kakkaɓe su koma gida, farashi yakan sauko. Amma wa zai jira? An riga an sa mana a rai cewa wanda bai soya ranar farko ba kamar bai yi ba.

Yadda ake tura mutane kuwa sananne ne, da tsoro ake yi. Kowace shekara da labarin da za a yaɗa: bana babu dabbobi, bana hanya ta rufe. Wani lokaci da gaskiya a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, dako daga Potiskum ko Maigatari ko Illela bai sake komawa yadda yake ba. A Mayun 2025 kuma hukumomin Nijar sun hana fitar da dabbobi gab da layya. Waɗannan duk sun faru. Sai dai dillali yakan ɗauki gaskiya mudu ɗaya ya auna maka ita tiya goma, ka saya yau don tsoron gobe, sayenka kuma shi ne ke ɗaga farashin goben.

Kada wani ya ce Malam ya zama maƙiyin kasuwa. Da kasuwa nake ci, da ita na aurar da 'ya'yana. Wannan unguwa tamu ma da aka kafa a 1916, fataucin shanu da goro ne ya tsayar da ita, kakanninmu ba yawon buɗe ido ya kawo su Kurmi ba. Makiyayin da ya yi wata shida yana turke yana da haƙƙin ya ci ribarsa. Tela mutum ne, hannu biyu gare shi, ba zai ɗinka wa unguwa guda kaya a mako ɗaya ba. Uwar gidan da ta shiga adashi tun Muharram don ta yi wa marayunta kayan Salla, ko magidancin da ya sayi buhun gero da kaka ya ajiye don kunun azumi, waɗannan tanadi suka yi, kuma tanadi hankali ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Abin da nake suka shi ne a ɗauki tanadi a mai da shi gasa, a kuma ɗauki bukatar mutane a mai da ita tarko.

A nan zan faɗi nawa laifin. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, kuma duk ɗan kasuwa ya tuna yadda watanni biyun da suka gabace shi suka kasance, naira tana faɗuwa, farashin safe daban na yamma daban. Na sayi sukari da shinkafa da yawa a Rajab na zuba a ɗakin ajiya. Da Sha'aban ya yi nisa kaya suka yi wuya, mutane na zuwa ina ce musu saura kaɗan, alhali ɗaki cike yake, ina jiran farashin makon farko na azumi. Na gaya wa kaina wai kare jari nake, don in na sayar yau ba zan iya sayo irinsa gobe ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma daren farko da na shiga gaba zan ja asham, na waiga don daidaita sahu, sai na haɗa ido da mutum biyu da na ce wa babu. Na san hukuncin ɓoye abinci lokacin da jama'a ke bukata, ni da bakina na sha karanta shi ga ɗalibai. Washegari na buɗe ɗakin. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, ai da na isa yabo da ban rufe shi ba tun farko. Na faɗa ne don 'yan uwana masu shaguna su san na san yadda zuciya ke kawo hujja, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Wani abin da ya kamata mu lura da shi, addinin nan yana tsaron iyakar lokaci ƙwarai. An hana mutum ya tari Ramadan da azumin kwana ɗaya ko biyu don wai riga-kafi. Wanda ya yanka dabbarsa kafin liman ya yanka tasa, nama ya ci, sai ya sake. Zakkar fid da kai ma kwana ɗaya ko biyu kafin Salla aka yarda a gabatar da ita. Muna zaune da rediyo a kunne har dare muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, ba mai cewa shi ya gaji da jira. Wato ibadar da ake bikin dominta ba ta yarda a riga ta ba ko da kwana ɗaya, amma cefanenta ya riga ta da wata biyu. Kuma abin mamaki, fara sayayya da wuri bai sa an gama da wuri ba. Ku zo masallaci a goman ƙarshe ku ƙirga sahun tahajjud, sannan ku leƙa shagunan teloli da masu takalma a daidai wannan lokaci. Wanda ya yi ɗinki a Sha'aban, kafin ashirin ga azumi an fito da wani sabon yayin, ya koma layi.

Mu malamai ma kasuwar ta shigo mana har cikin zaure. Allunan tafsiri da hotunan masu ɗaukar nauyi suna fitowa tun kafin a san wace sura za a fara, wani wurin ma hoton mai kuɗin ya fi na mai karatun girma. Maƙwabtanmu Musulmin Yarabawa suna kiran Babbar Salla Ileya, wato lokacin komawa gida, kuma duk wanda ya je Ojude Oba a Ijebu Ode a rana ta uku ta Salla ya ga yadda tutocin kamfanoni suka yi wa filin ƙawanya. Ba na zarginsu, bikinsu ne, kuma yana da kyau a ido. Ina dai cewa mu dubi hanyar, don ita muke bi.

Ga kuma abin da ke tafe wanda ban ji ana maganarsa ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. A 2025 ranar 1 ga Maris muka ɗauka, a 2026 kuma bayan tsakiyar Fabrairu. Masu hisabi sun ce a 2030 sau biyu azumi zai kama, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Mu da ke nan mun san me Disamba take nufi: kuɗin mota ya ninka, shinkafa da mai da tumatir su hau, Janairu kuma ga kuɗin makaranta ga masu gida suna jiran haya. 'Yan shekaru kaɗan suka rage kasuwar Kirsimeti da ta azumi su haɗe su zama guda, daga Oktoba har Fabrairu ba hutu. Ɗan uwanmu na Kano ko Katsina ba zai ji wannan kamar mu ba. Idan ba mu gyara hali yanzu ba, mai gadin da na ba ku labari zai samu abokai da yawa.

Na kai magana gaban kwamitin masallacinmu, ina kuma roƙon sauran limaman unguwa da fadar Sarkin Hausawa su duba. Mu riga kasuwa magana: hukuncin azumi da ɓoye kaya a yi shi tun farkon Sha'aban, hukuncin layya kuma tun watan Shawwal, a faɗa da Hausa ƙarara cewa wanda ba shi da hali babu komai a kansa, kuma bashin riba ba ya zama ibada. Masu hali, don Allah in kun sayi ragonku da wuri ku ɗaure shi a cikin gida ko ku bar shi wurin mai kiwo, ƙofar gida ba wurin baje koli ba ce. A farfaɗo da watanda yadda iyayenmu ke yi, a fara tara kuɗin da wuri a hannun amintattu, a sayi sa a raba, kowane gida ya ɗora tukunya ranar Salla. Sai dai a sani, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a haɗa kuɗi a yi tarayya a dabbar layya, saboda haka watanda nama ce ta iyali, kada a kira ta da sunan da ba nata ba. Iyayen 'yan mata kuma, ku ne za ku iya kashe maganar kwandon nan da kalma ɗaya, in kun ce ba ku so, ba saurayin da zai yi fushi.

Takardar yaron kamfani kuwa na naɗe ta na sa a ƙarƙashin kanta, na ce ya gaya wa ogansa zan manna ranar 25 ga Sha'aban. Da yamma ogan ya bugo ya ce garaɓasar ta 'yan kasuwa za ta rufe kafin nan, in ban ɗauki kaya yanzu ba na rasa. Na ce na ji. Babban ɗana da ke riƙe mini littafin shago ya zauna ya lissafa abin da za mu rasa, ya nuna mini, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, har yanzu bai daina ƙunƙuni ba. Zan sayi abin da shago ke iya sayarwa a mako biyu, in ya ƙare in sake sayowa a farashin ranar.

In Allah ya kai mu Asabar ta farko a Sha'aban, za mu fara babin azumi na Risala bayan Magariba a masallacinmu na layin masu goro, daga nan mu wuce babin ciniki. An tanadi wurin mata a baya. 'Yan kasuwa su zo da tambayoyinsu, har da masu zafi.